Hanyar bakin teku ba ta da tudu, amma ba ta da sauƙi

'Yan uwanmu da yawa a Agege da Idi-Araba sun ɗauka cewa tuƙa keke daga Legas zuwa Badagry ko Epe abu ne mai sauƙi, tunda ƙasar shimfiɗe take, ga kuma iskar teku. Ba haka ba ne.

Inda babu tudu, babu gangara, don haka ƙafa ba ta samun hutu ko na minti 1. Iskar kuma yawancin shekara daga kudu maso yamma take kadawa, wanda ya nufi Badagry da ita zai yi ta kokawa, musamman bayan azahar.

Abin da ya fi damuna shi ne laima. A Kano gumi na bushewa ya sanyaya jiki. A nan kuwa iska cike take da danshi, gumin sai ya yi ta zuba, jiki bai huce ba, gishirinsa na ta fita. Ruwa zalla ba ya mayar da shi. A riƙe ruwan gishiri da sukari, a fita da asuba.

Sarkar keken ma a wanke ta a sa mata mai bayan an dawo, gishirin teku na sa ta tsatsa da wuri.