Matasa 30 Sun Tashi, Ɗaya Ya Dawo

Duk lokacin da aka tayar da zancen yaƙin Midway, fafatawar da Amurka da Japan suka yi a tekun Pasifik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai a yi ta yabon Admiral Nimitz, kwamandan sojojin ruwan Amurka a wannan teku, da masanan da suka warware saƙonnin sirri na Japan. Ni kuwa hankalina yana komawa ne kan matasan da suka tashi daga kan jirgin ruwan Amurka mai dakon jiragen sama, Hornet, da safiyar 4 ga Yuni, 1942.

Jirage 15 ne ƙirar Devastator, kowanne da mutum biyu, ƙarƙashin jagorancin John Waldron. Jiragen sun tsufa, ba su da gudu, kuma aikinsu ya tilasta musu su sauko dab da ruwa, su miƙe sambal zuwa ga jirgin ruwan abokan gaba kafin su saki nakiyar da ke ratsa ruwa, alhali babu jiragen rakiya da za su kare su. Jiragen saman yaƙin Japan ƙirar Zero suka yi musu dirar mikiya, suka kakkaɓo su duka. Mutum ɗaya tak ya tsira, George Gay, ɗan shekara 25, wanda sai a ranar ya fara tashi ɗauke da irin wannan nakiya. Ya ɓuya ƙarƙashin matashin kujerar jirginsa yana shawagi a teku da raunuka a jikinsa, har washegari aka tsamo shi.

Ana cewa jininsu bai zuba a banza ba, domin sun ɗauke hankalin masu tsaron Japan har jiragen sama masu jefa bam daga jiragen ruwan Amurka Enterprise da Yorktown suka samu sarari suka ƙone Akagi da Kaga da Soryu, jiragen ruwan Japan masu dakon jiragen sama. Ban musa ba, amma wannan magana tana yi mini nauyi a zuciya, saboda takan rufe laifin manya. A ranar, Devastator 41 suka tashi daga Hornet da Enterprise da Yorktown a jimlace, 35 ba su dawo ba, kuma ko nakiya ɗaya ba ta yi wa jiragen ruwan Japan illa ba, alhali an daɗe ana kuka da rashin ingancinta. Wanda ya miƙa wa yaro makamin da bai gwada yadda ya kamata ba, ya tura shi bakin mutuwa, yana da alhaki a wuyansa ko da an ci yaƙin.

Gay ya rayu har 1994. Da ya rasu, bisa wasiyyarsa, aka watsa tokarsa a tekun da abokansa 29 suka kwanta.