Kwamfuta ma tana kuskuren lissafi, da me za mu kama ta?

'Yan uwa masu rubuta manhaja, ku buɗe Python ku rubuta 0.1 + 0.2. Amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004. Na'urar lafiyarta ƙalau. Ba ta iya ajiye 0.1 cif-cif da sifili da ɗaya, waɗanda da su kaɗai take ajiye lambobi, sai ta datse wutsiyar lambar bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda ta tsara yadda kwamfuta ke ajiye irin waɗannan lambobi. Kada a raina ɗan guntun nan. A Dhahran ta Saudiyya, a 1991, irin wannan datsewar ta taru a agogon na'urar Patriot, mai kakkaɓo makamai masu linzami, bayan kusan sa'o'i 100 tana kunne, agogon ya kauce da sulusin daƙiƙa, na'urar ba ta tare makami mai linzami na Scud ba, sojojin Amurka 28 suka mutu.

Kayan kama irin wannan kuskure suna nan, a buɗe kuma kyauta. Ni abin da nake fara dubawa ɗaya ne: sai na sake rubuta shirina kafin kayan su yi aiki?

CADNA, ta masu bincike a Paris, tana so ka canza nau'in lambobinka zuwa nata, sai ta maimaita kowane lissafi sau uku, tana datsewa sama ko ƙasa da ka, ta faɗa maka alƙaluma nawa ne abin dogaro. Aiki ne mai kyau, amma wa zai taɓa tsohon shiri na yaren Fortran mai dubban layuka don wannan? Verificarlo ta fi sauƙi, tana shiga ta cikin LLVM ne, wato kayan harhaɗa shiri zuwa yaren na'ura, ka sake harhaɗa shirin kawai. Verrou kuwa, wadda kamfanin lantarkin Faransa EDF ya fitar, ko wannan ba ta nema. Tana hawa kan Valgrind, manhajar da ke bincikar shiri yayin da yake gudana, ta girgiza datsewar a shirin da aka riga aka gama. Ka gudanar sau da yawa, in amsoshin suka watse, akwai ɓaraka. Tana sa shiri tafiyar hawainiya, gaskiya, amma ni ita nake fara ɗauka.

Ga sabon aiki, nan ne zaɓin yare yake da nauyi. A yaren Julia kana iya ƙirƙiro sabon nau'in lamba, ayyukan da wasu suka rubuta su karɓe shi ba gardama, shi ya sa manhajar IntervalArithmetic.jl ta Julia take zama daram: kowace lamba tana tafe da iyakarta ta ƙasa da ta sama. Matsalar, iyakokin kan yi ta faɗi har su daina amfani.

Wadda ta fi burge ni ita ce Herbie, daga Jami'ar Washington, an rubuta ta da yaren Racket. Ita gyara take kawowa. Ba ta sqrt(x+1) - sqrt(x), wanda ke rasa alƙalumansa idan x ya yi girma, sai ta mayar maka da 1/(sqrt(x+1) + sqrt(x)). Sai dai gajeren lissafi take ci, ba shiri sukutum ba. Don haka Verrou ta nuna min layin da ke ciwo, in ciro shi in kai wa Herbie.