Kabarin Kareem a Sashe na 60

Ranar Talata na raka wani baƙo da ya zo daga Kano zuwa maƙabartar sojoji ta Arlington, can ƙetaren kogin Potomac daga birnin Washington. Niyyarmu mu ɗauki hoto mu wuce, sai muka tarar ana binne wani soja. Na tsaya kamar an dasa ni.

Ciyawa shar, an aske ta daidai wa daida. Fararen duwatsu a jere, sahu bayan sahu, har inda ido ya gaza, mutum sama da 400,000 ne kwance a wurin. Sojoji cikin baƙin kaya da farar safar hannu suka sauke akwatin a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Bakwai suka harba bindiga sama sau uku. Wani ya busa ƙaho shi kaɗai daga nesa. Sannan suka naɗe tutar da ke kan akwatin, ninki 13, ta zama mai kusurwa uku, wani hafsa ya durƙusa gaban wata tsohuwa ya miƙa mata.

Daga nan muka shiga Sashe na 60, inda ake binne waɗanda suka mutu a Iraƙi da Afganistan. A nan na ga dutse mai jinjirin wata da tauraro: Kareem Rashad Sultan Khan. Yaron New Jersey ne, Musulmi, sojan ƙasa. Yana ɗan shekara 14 aka kai harin 11 ga Satumba, da ya isa sai ya shiga soja. Bam ya kashe shi a Bakuba, wani gari a Iraƙi, a watan Agustan 2007, yana da shekara 20. Hoton mahaifiyarsa jingine da wannan dutse ne Colin Powell, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, ya yi magana a kansa a talabijin a 2008, lokacin da ake ta jifan Obama da cewa Musulmi ne.

Na san yaƙin Iraƙi zalunci ne, kuma mutanen Bakuba da suka mutu babu mai dutse a cikinsu a nan. Amma abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. A Tongo Tongo, wani ƙauye a Nijar, Oktoban 2017, an kashe sojojin Amurka huɗu tare da 'yan Nijar. Na Amurka kowa ya ji sunansu, har majalisa ta yi ta tambaya. Na Nijar fa, wa zai iya kiran sunan mutum ɗaya?

Ɗan kawuna soja ne, ya rasu a bakin daga. A WhatsApp Inna ta ji. Matarsa ta yi shekara tana zarya ofis-ofis da takardu, da goyo a bayanta.

Baƙona ya ce, "Malam, mu ai ba ma gina kabari, likkafani da addu'a sun wadatar." Gaskiyarsa. Ni ma ba zan so a ajiye ni makonni a firji ana jiran ranar biki ba. A unguwarmu in mutum ya cika da asuba, kafin azahar maƙwabta sun yi masa wanka, ana ta karɓe-karɓen makara, kowa na neman lada.

Shekarata 16 a Maryland. Da muka koma mota na kasa tayar da ita, ina ta lissafin mutum nawa ne a ƙasar nan za su bar aiki ranar Talata su zo su ɗauki makarata.