Na je ɗakin bautar rana a Konark, ga amsata ga masu tambaya

Tun da na ɗora hoton da na ɗauka a gaban wata ƙatuwar tayar dutse a Konark saƙonni ba su daina shigowa ba. Wani ɗan'uwa ya rubuto min cewa, "Malam, me ya kai Musulmi gidan gunki?" Na san don Allah ya tambaya, shi ya sa ba zan sallame shi da kalma biyu ba.

Konark na jihar Odisha ne a gabashin Indiya, dab da bakin teku, kamar kilomita 35 daga garin Puri. Ƙanina na je dubawa a Bhubaneswar inda yake karatu, shi ya ce kada in koma gida ban ga wurin ba. Muka kama hanya bayan sallar asuba.

Sarki Narasimhadeva na ɗaya ne ya sa aka gina shi wajen shekarar 1250, don Surya, wanda mabiya addinin Hindu suka ɗauka allan rana ne. A imaninsu yana ratsa sararin sama kullum cikin keken doki mai dawakai 7. Sai magina suka mayar da ginin gaba ɗayansa keken doki: tayoyi 24 na sassaƙaƙƙen dutse, kowace tsayinta ya kusa mita 3, ga dawakan a gaba, ƙofa tana kallon mafitar rana. Wallahi na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Babu inda za ka ɗora tafin hannu a jikin bangon nan ba ka taɓa sassaƙa ba: giwaye a jere, makaɗa, mafarauta, mata suna gyaran gashi. Har da raƙumin dawa, dabbar nahiyarmu, an kawo wa sarki kyauta. Shekara sama da 700 ke nan, babu inji, babu lantarki, sai guduma da haƙuri.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tayar nan. Tana da sanduna 8 masu kauri da 8 sirara a tsakaninsu. Mai yi mana jagora ya ɗora yatsa a tsakiyarta, ya dubi inda inuwa ta faɗa, ya faɗi lokaci. Na duba waya, ya yi kusa ƙwarai. Nan take na tuna kakana, Allah Ya jiƙansa, wanda bai taɓa ɗaura agogo ba. Inuwarsa yake aunawa da taku ya ce azahar ta yi, in ta ƙaru da tsawonsa ya ce a tashi la'asar. Rana ɗaya ce, inuwa ɗaya ce. Su sun kalle ta sun ga abin bauta, mu mun kalle ta mun ga halittar da Allah Ya hore, wadda ke nuna mana lokacin da za mu yi maSa sujada. Tun ina yaro na san labarin Annabi Ibrahim, alaihissalam, da tauraro da wata da rana, yadda ya ƙi duk abin da ke faɗuwa. Amma ban taɓa jin nauyin labarin ba sai da na tsaya gaban gunkin Surya na koren dutse, na ga iyakar abin da ɗan Adam zai iya kashewa na dukiya da basira a kan abin da yake ganin girmansa.

To ɗan'uwa, ga abin da ya kai ni. Na je na gani, ban rusuna ba, ban miƙa fure ba, ban bar kowa ya shafa min komai a goshi ba. Hasali ma ba a bauta a cikin ginin yanzu. Doguwar hasumiyar da babban gunkin yake ciki a da ta daɗe da rushewa. Babban zauren da ya rage kuwa, a 1903 Turawan mulkin mallaka suka cika shi da yashi suka toshe ƙofofinsa don kada ya rufta. Hukumar adana kayan tarihi ta Indiya ke kula da shi, tikiti ake yanka a shiga, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984, hoton tayar ma yana bayan takardar kuɗin Indiya ta rufi 10. Mu da kanmu muna hawa Dutsen Dala, muna nuna wa 'ya'yanmu inda Barbushe yake yi wa Tsumburbura hidima, babu wanda ya ce mun koma maguzanci.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ban ji daɗinsa ba. A jikin bangon akwai siffofin maza da mata tsirara a yanayin da ba ya faɗuwa. Na kau da kai na wuce, kuma duk wanda zai je da iyali ya san da wannan tun daga gida. Babban ɗakin bautar Jagannath na Puri kuwa, inda ake ibada har yau, ko kusa ban je ba. Su ma ba sa barin wanda ba Hindu ba ya shiga, ni ma ba hurumina ba ne.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne zagin da wasu suka zuba a ƙarƙashin hoton. An hana mu zagin abin da wasu ke bautawa, don kada su rama da zagin Ubangijinmu bisa jahilci. Kuma mu duba kanmu: 'yan'uwanmu nawa ke kwance a asibitocin Indiya yanzu haka? 'Ya'yanmu nawa ke cikin jami'o'insu? Likitan da zai yi wa mahaifiyarka aiki yana iya zama mutumin da kakanninsa suka sassaƙa dutsen nan. Ba a ce ka yarda da aƙidarsa ba, ni ma ban yarda ba, kuma na faɗa wa jagoranmu haka da ya tambaye ni, ya gyaɗa kai muka ci gaba da hira lafiya lau. Amma ka san shi, ka san abin da yake girmamawa, kafin ka buɗe baki a kansa.

Da muka fito rana ta riga ta karkata. Na ce wa direba ya tsaya a hanyar Puri, muka samu inuwar bishiya muka shimfiɗa darduma. Na miƙe zan fuskanci gabas yadda na saba tun ƙuruciya, sai ƙanina ya riƙo hannuna ya juya ni, ya ce, "Yaya, a nan alƙibla yamma take." Muka ba mafitar rana baya, na tayar da iƙama.