Harajin ƙaramin ɗan kasuwa, a zauren majalisar jiha ake yanke shi

Tun daga watan Oktoba na 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka nuna rashin amincewa da sabon tsarin rabon kuɗin harajin VAT, har zuwa ranar 26 ga Yuni 2025 da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, hankalinmu gaba ɗaya yana Abuja. An yi muhawara a gidajen rediyo, an yi a majalisun unguwa, kuma ban ga laifin hakan ba. Sai dai a nan Kano, tela a Fagge da mai awon hatsi a Dawanau sun san cewa mafi yawan hannayen da ke shiga aljihunsu na gida ne, kuma dokar da ta ba waɗannan hannaye izini, majalisar dokokin jiha ce ke yin ta.

Yayana tela ne, yana da keken ɗinki uku da yara biyu masu koyon aiki. A ƙarƙashin teburin yankansa akwai wani tsohon gwangwanin madara da yake tara rasit a ciki: na rajistar wurin sana'a, na kuɗin shago, na allon da ke ɗauke da sunansa a bakin ƙofa, na shara. Wasu suna da hatimi, wasu kuwa rubutun biro ne kawai a kan takardar da ba a san inda aka buga ta ba. Ana saura kwana shida ƙaramar Sallah wasu mutane suka zo masa da kwaɗo a hannu, suka ce ko ya biya ko su garƙame shagon. Ya zaro rasit ya nuna musu, suka ce wannan na wasu ne daban. Da ɗinkin mutane jibge a gabansa, ya ƙirga kuɗi ya ba su, suka tafi ba tare da sun ba shi ko ƙyallen takarda ba. Ya ce da ni ba biyan ne ya dame shi ba, abin da ke ci masa rai shi ne bai san wa ya biya ba, bai kuma san ranar da za a dawo ba.

Wannan ruɗani yana da magani a doka. Tun 1998 aka yi dokar tarayya da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma hana kafa shinge a kan titi domin karɓar haraji. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa jiha alhakin tsara harkokin kuɗin ƙananan hukumomi ta hanyar doka, sashe na 128 kuma ya ba majalisa ikon gudanar da bincike. Ke nan 'yan majalisar Kano su 40, masu wakiltar ƙananan hukumomi 44, suna da ikon kiran duk mai karɓar kuɗi da sunan gwamnati ya zo ya yi bayani a bainar jama'a.

Maƙwabciyarmu Kaduna ta gwada. A 2016 majalisarta ta tattara haraji a cikin doka ɗaya, aka hana jami'ai karɓar tsabar kuɗi a hannu, kuma kuɗin shigar jihar ya ninka a cikin 'yan shekaru. Akwai 'yan kasuwar da suka koka da tsananin da aka yi wajen karɓa, kuma kukansu abin saurare ne, amma darasin toshe ɓaraka yana nan. A Kano ma muna da tarihinmu, domin a 1979 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali saboda yadda ake wulaƙanta talaka wajen karɓarsu.

Ba ina cewa kada a biya ba ne. Jihar da ke jiran kason Abuja kaɗai ba za ta iya gyara magudanan ruwan Kantin Kwari ba, balle ta tanadi isassun motocin kashe gobara ga kasuwar da ta ga irin wutar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a 2016. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ribar ƙaramin ɗan kasuwa ta tsuke ƙwarai, don haka duk wani sabon kuɗi da za a ɗora masa ya kamata a auna shi da idon rahama.

Abin da nake roƙon wakilanmu shi ne, kafin a zartar da kowane ƙudurin haraji, a yi zaman jin ra'ayin jama'a na gaskiya, a gayyaci teloli da masu kayan miya da 'yan adaidaita sahu, kada a tsaya ga shugabannin ƙungiyoyi kaɗai. A fassara ƙudurin zuwa Hausa, a karanta shi a rediyo. Sannan a haɗe kuɗaɗen nan su zama biya ɗaya a shekara, ta banki ko ta waya, a liƙa jadawalinsu a ƙofar kowace kasuwa, yadda yayana zai iya nuna wa mai kwaɗo takarda ɗaya tak ya ci gaba da ɗinkinsa.