Kowa da kowa zai tsira kenan?

Wani marubuci yace wai ƙaunar Allah zata ceci kowa a ƙarshe, ya kawo 1 Timoti 2:4, amma ya tsallake Matiyu 25 inda Yesu da bakinsa ya raba tumaki da awaki. Kuma maganar ba sabuwa bace, tun ƙarni na 3 wani malamin Kirista, Orijen na Iskandariya, ya koyar da ita, daga baya ikilisiya ta ƙi. Amma gaskiya nima zuciyata na so ace hakane, ƙanena ya rasu bara a Sabon Tasha, ya daɗe rabonshi da coci, har yau Mama littafin Luka 15 take buɗewa, tunkiyar nan da makiyayi ya bar 99 ya tafi nema. Ɗan'uwa mai cewa marubucin ya ɓata, sassauta mana, ɓarawon kan gicciye da Yesu yayi wa alkawarin firdausi, sati nawa yayi a ajin baftisma?