Lambun mangwaro: takin gargajiya da na zamani ba kishiyoyi ba ne

An daɗe ana jayayya tsakanin masu riƙo da takin gargajiya da masu dogaro da takin zamani, amma a lambun mangwaro wannan jayayya ba ta da wani amfani, domin bishiyar da za ta shafe shekara 30 ko fiye a wuri ɗaya tana buƙatar abincin da za ta ci a bana, tana kuma buƙatar ƙasar da za ta ci gaba da ɗaukar nauyinta nan gaba. Taki iri ɗaya ba ya biyan buƙatun biyu.

A duba lissafin. Takin yuriya, wanda na zamani ne, yana ɗauke da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, sinadarin da ke sa tsiro toho da ganye, wato kilo biyu da ɗan ɗoriya sun isa su ba da kilo ɗaya na wannan sinadari. Kashin shanu kuwa, wanda naitirojin ɗinsa bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, sai an tara kilo 50 zuwa 100 kafin a samu hakan, kuma ba duka yake sakin shi a shekarar farko ba. Mai babban lambu da ya ce zai dogara da shi kaɗai, ɗawainiyar jigila ma ta ishe shi.

Sai dai wanda ya rungumi buhun takin zamani kaɗai ya fi shi shiga haɗari, saboda ɓarnar tasa ba ta bayyana da wuri. Yawan zuba yuriya shekara da shekaru yana ƙara wa ƙasa tsami, alhali mangwaro ya fi jin daɗin ƙasar da ma'aunin pH ɗinta, wato awon tsaminta, yake tsakanin 5.5 da 7.5. Ƙasar da ta rasa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi ba ta riƙe danshi, ba ta kuma riƙe takin da aka zuba mata, musamman jigawa, inda ruwan sama mai ƙarfi yake wanke shi ya gangara ƙasa da inda saiwa take kaiwa. Takin gargajiya ne yake gyara wannan, yana ciyar da tana da ƙananan halittun ƙasa, yana kuma kawo sinadarai irin su zinki da boron, waɗanda babu su a buhun NPK na yau da kullum, ga shi kuwa boron yana da hannu wajen huda da ɗaurin 'ya'ya.

A ganina, inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar haɗawar a matsayin ninki. Wanda ya zuba kashin kaji, mai ƙarfin naitirojin, sannan ya ɗora cikakken awon yuriya a kai, zai ga bishiya ta yi duhu da ganye, ya yi murna, lokacin huda ya zo ta yi ta toho ba fure. 'Ya'yan da aka samu ma kan yi laushi daga ciki, matsalar da ake dangantawa da yawan naitirojin da ƙarancin kalsiyam. Idan an zuba na gargajiya, tilas a rage na zamani.

Lokaci da wuri su ma suna da muhimmanci. Bayan an gama tsinka an datse rassa ne bishiya ta fi buƙatar takin gargajiya da mafi yawan naitirojin, domin ta mayar da ƙarfinta ta fid da sabon tohon da zai ɗauki hudar baɗi. Idan huda ta gabato a dakata da naitirojin, sa'annan a ƙara fotash yayin da 'ya'ya suke girma, tunda shi ne yake taimaka wa girmansu da zaƙinsu. A zuba takin a kewaye, daidai inda inuwar rassa ta ƙare, nesa da gindi, a rufe shi da ƙasa mai laima, domin yuriyar da aka bari a fili tana tashi ta bi iska. Kashin kuma sai wanda ya ruɓe sarai, don ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana shigo da irin ciyawa.

Adadin da kowace bishiya za ta samu ya danganta da shekarunta da yanayin ƙasar lambun, shi ya sa ya kamata a gwada ƙasa da ganye kafin a sayi buhu ko ɗaya.